Ku Tambayi Kawu: Waƙar 'Yan Canis Ɗin Nan Da Baba Ya Ƙi Mantawa

Wannan makon wasiƙa ɗaya ce ta kusa cinye filin gaba ɗaya, masu tambayar kuɗin haya da rikicin kishiyoyi ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, ya aiki ya iyali ya sanyi. Kawu don Allah wani abu ne yake damuna. Babanmu ya yi aikin masaƙa a Kakuri sama da shekara ashirin har aka rufe wajen, to tun muna yara akwai wata waƙa da yake yi da hanci in yana gyaran kekensa ko yana guga, mu dai ba mu san ta ba kuma shi ma bai san ko kalma ɗaya a ciki ba, ya ce wani injiniya ɗan Canis ne yake saka ta a kaset a ɗakin gyaran inji kullum har ta zauna masa a kai. To shekaranjiya ina duba TikTok kawai sai na ji ta, wata mata ce ke rerawa, wallahi ban san sanda na ruga na kai masa wayar ba, yana ji ya ajiye kofin shayinsa ya yi shiru, ya ce in sake sakawa, sau huɗu na saka masa. Ga ta nan na turo maka ta WhatsApp. Kawu wace waƙa ce wannan, me take cewa, kuma me ya sa har yanzu ake yayinta? Daga 'yarka a Kakuri.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ina danna saƙon naki tun ba a kai ga muryar matar ba na gane ta, don wannan waƙa ko a cikin barci aka saka min zan shaida ta. Sunanta Shanghai Tan, wato kamar a ce gaɓar ruwan Shanghai, Turawa kuma The Bund suke kiranta, in za ki neme ta a YouTube kowanne kika rubuta za ta fito. Waƙar buɗe wani wasan kwaikwayo ce na talabijin mai kashi 25 wanda tashar TVB ta Hong Kong ta nuna a 1980. Matar da kika ji sunanta Frances Yip, wanda ya tsara kiɗan Joseph Koo, wanda ya rubuta baitocin kuma James Wong. Ba da Mandarin aka yi ta ba, wato yaren da gwamnatin Sin ke aiki da shi, da Kantonanci aka yi, yaren mutanen Hong Kong da lardin Guangdong a kudancin ƙasar, kuma ki riƙe wannan bambancin don zan dawo kansa.

Ban yi mamakin cewa a Kakuri Baba ya tsince ta ba. Yaran yanzu suna ɗauka da layin dogon Rigasa 'yan Canis suka fara shigowa Kaduna, alhali tun 1964 wani attajirin Hong Kong mai suna Cha Chi-ming ya kafa masaƙar UNTL a garin nan, shi asalinsa mutumin lardin Zhejiang ne maƙwabcin Shanghai, yana cikin masu masana'antun da suka koma Hong Kong dab da lokacin da 'yan kwaminisanci suka karɓi mulkin Sin a 1949. Ba ki faɗi masaƙar da Baba ya yi aiki ba ni ma ba zan yi canki-canki ba, amma dai mutanen Hong Kong sun daɗe suna shan ruwan Kaduna, kuma duk inda suka je a wancan zamanin da kaset ɗinsu suke tafiya, na waƙa da na bidiyo, kamar yadda ɗan cirani ba ya barin 'yar rediyonsa a gida. Ki ƙaddara wannan injiniyan, ya baro iyali can wata uwa duniya, ga hazo ga ƙurar auduga ga ƙarar inji, abin da ke haɗa shi da gida kaset ne guda ɗaya. Shi yana jin ta yana tuna garinsu, Baba yana gefe yana ɗaure noti, ita kuma tana shiga kunnensa ba sallama.

Labarin wasan a taƙaice, wani matashi ne mai ilimi, Hui Man-keung, wanda Chow Yun-fat ya fito a matsayinsa, ya shiga zanga-zangar ɗalibai aka ɗaure shi, da ya fito sai ya nufi Shanghai ba ko sisi, ya haɗu da wani mai tallar kayan marmari Ting Lik suka zama aminai, suka shiga ƙarƙashin wani hamshaƙin uban daba mai kuɗi, shi Hui ya faɗa son 'yar maigidan, Angie Chiu ce ta fito a matsayinta. Sai ya gano maigidan nasa yana haɗa baki da Japanawa, nan fa aka raba gari, ya gudu Hong Kong ya yi aure, aka bi shi aka kashe masa iyali, ya dawo ɗaukar fansa, ita yarinyar ta auri amininsa, ƙarshe dai a kashi na 25 aka buɗe wa Hui wuta a bakin titi. Na san na ɓata miki ƙarshen labari amma wasan da ya haura shekara 40 ai ba sirri ba ne kuma. Doguwar kwat da malafa da farin mayafin wuya da Chow Yun-fat ya riƙa sakawa sun zama abin kwaikwayon samari a can, kuma daga wannan wasan tauraronsa ya fara haskawa sosai tun kafin finafinan harbe-harben da muka san shi da su a gidajen kallo.

To me waƙar ke cewa? Abin da zai ba ki mamaki, ko sau ɗaya ba ta ambaci sunan Shanghai ba, ba bindiga ba daba ba sunan jarumi. Maganar kogi kawai take daga farko har ƙarshe. Igiyar ruwa na tasowa tana wucewa, kogin ba ya tsayawa, ya kwashe al'amuran duniya duk ya cakuɗa su, a cikin ruwan ba ka iya ware farin ciki da baƙin ciki, ba ka iya gane wa ya ci wa ya faɗi, so da ƙi duk a kwale-kwale ɗaya suke, kuma ruwan da ya wuce ya wuce. A ƙarshe mai waƙar ta ce duk da haka ta yarda, igiyar ta ci gaba da hawa da sauka a zuciyarta. Ma'anar kenan a dunƙule, ba fassarar kalma da kalma ba. A ganina wannan shi ne wayon da James Wong ya yi, da ya cusa sunayen 'yan wasa a ciki da waƙar ta mutu ranar da wasan ya ƙare, amma da yake ruwa ya kama, kowa na da nasa kogin. Ke ma in kika tsaya kan gadar Kaduna a watan Agusta kika leƙa ƙasa, ruwan nan jajaye-jajaye yana tafe da itace da ledoji da abin da ya kwaso daga gonakin mutane, ba kya buƙatar tafinta.

Amma ma'ana kaɗai ba ta isa ba, tunda Baba bai san ma'anar ba kuma ta riƙe shi shekara da shekaru. Nan ne nake so ki ba ni aron kunnenki da kyau don nan abin yake. Kantonanci yare ne mai karin sauti kamar Hausa. Mu a wajenmu kin san kuka na hawaye daban da kuka ta miya, wuya na jiki daban da wuya ta wahala, rubutu ɗaya ne amma hawa da saukar murya ke raba su. To su nasu ya fi namu tsanani nesa ba kusa ba, karin sauti shida gare su, gaɓa ɗaya kamar si za ta iya zama waƙa ko tarihi ko gwaji ko lokaci ko kasuwa ko al'amari, ya danganta da inda ka ajiye muryarka. Har saye da sayarwa, dukkansu maai ne, sauti kawai ya raba, ki ce ɗan kasuwar Barci ya je can ya kuskure murya ai sai ya sayar da abin da ya je saye. To saboda haka a waƙar Kantonanci yawanci kiɗa ake fara yi, sannan a ba marubuci ya nemo kalmomin da hawa da saukarsu ya dace da hawa da saukar kiɗan, in kiɗa ya hau dole kalmar ta zama mai hawa, in ba haka ba ma'ana ta karkace mutane su yi dariya. Aiki ne kamar na mai ɗinkin hula, kowane zare da raminsa. Idan gwani ya yi shi sai waƙar ta fito kamar magana ce kawai ake yi aka ɗan ja ta, babu inda harshe ke tuntuɓe, kuma kunnen Bahaushe da ya saba da sauraron karin sauti tun yana goye yana jin wannan daidaituwar ko da bai san me ake cewa ba. Wannan na ƙarshen ra'ayina ne ba binciken masana ba, amma na gwada da mutane da yawa a majalisarmu kuma ba wanda ya ce ta yi masa baƙunta a kunne.

Sai shi kiɗan. Joseph Koo a Guangzhou aka haife shi, ya koma Hong Kong yana matashi, ya je Amurka ya yi karatun kiɗa a makarantar Berklee da ke Boston, shi ya sa ya iya haɗa gwiwar abu biyu, karin waƙar na gargajiyar Sin ne wanda mafi yawansa a kan sautuka biyar yake yawo, kayan kiɗan kuma irin na Turawa ne masu cika ɗaki. Sautuka biyar ɗin nan ba baƙi ba ne a wajenmu, yawancin abin da muka taso muna ji daga masu goge da kuntigi da garaya ba ya nisa da nan. Kuma farkon waƙar gaɓa biyu ce a huta, gaɓa biyu a huta, sannan dogon layi ya kwararo, kamar ruwa ya daki gaɓa sau biyu sannan ya ɓalle, yaro ɗan shekara biyar zai iya kamawa a ji ɗaya. Af, na manta ban gaya miki ba, Baba ya san aikin wannan mutumin tun kafin kaset ɗin injiniya in dai ya shiga sinima a samartakarsa, don shi ya yi kiɗan Fist of Fury na Bruce Lee a 1972. Shi kuma James Wong shi ya rubuta baitocin waƙar nan ta finafinan Wong Fei-hung na Jet Li wadda yara ke ji su fara tsalle suna karya wa uwarsu kujeru. Ashe mun daɗe muna cin tuwonsu ba mu san masu tuƙawa ba.

Sannan a yi wa Frances Yip adalci. Waƙar maza ce a labari, 'yan daba da bindigogi, amma aka ba mace, kuma ba ta yi ta da shagwaɓa ba, ta buɗe murya ta yi ta da ƙarfi kamar mai shela. An sake rera ta ba adadi, Andy Lau ya yi tasa da aka yi fim ɗin labarin a 1996 shi da Leslie Cheung, an sake wasan a babban yankin Sin a 2007, akwai ta Biyetnamanci ma, amma ni dai in ba ta 1980 ba ce sai in ji kamar shayi ba siga. Tsohuwar zuma da ita ake magani.

Akwai kuma zamanin da ta fito. Kafin shekarun 1970 masu ji da kansu a Hong Kong waƙar Turanci da ta Mandarin suke saurare, ta Kantonanci kallon ta talakawa ake mata, talabijin ce ta ɗaga ta, tun daga wata waƙar wasan kwaikwayo da shi dai Joseph Koo ɗin ya yi wa kiɗa a 1974. Lokacin babu waya a hannun kowa, gida ɗaya akwati ɗaya, ana cin abincin dare ana kallo, waƙar buɗe shiri kuwa kullum sai ka ji ta ko kana so ko ba ka so. Mu ma ai mun yi wannan rayuwar, a ce za a saka Samanja a NTA Kaduna yara sun cika tsakar gidan mai talabijin tun kafin magariba, ko Cock Crow at Dawn wanda shi ma a 1980 ya fara da muryar Bongos Ikwue, har gobe in aka saka wa ɗan shekara 55 wannan waƙar sai kin ga fuskarsa ta canza. Yanzu da kowa ke kallo shi kaɗai a waya yana tsallake waƙar farko da yatsa, ban ga ta inda wata za ta samu irin wannan gatan ba.

Kuma ki lura, mutanen da suka yi waƙar da masu kallonta na farko da yawansu 'yan gudun hijira ne ko 'ya'yansu, Koo da Wong duk daga Guangdong aka kawo su suna yara ko matasa, Shanghai ɗin da ake nunawa a wasan ta riga ta shuɗe tun kafin a ɗauki kamara. Waƙar kewar garin da babu shi ce tun ranar da aka haife ta. To Kakurin da Baba ya sani, mai jiniyar canjin shif da dubban ma'aikata a kan kekuna da masu abinci jere a bakin get, ita ma yanzu sai a baki. Ban ce na shiga zuciyarsa ba, amma shirun da ya yi da kofin shayi a gabansa ba na jin na Shanghai ne. James Wong ya rasu a 2004, Joseph Koo ya rasu a Kanada a farkon 2023, ki gaya wa Baba ma'anar kogin nan, sannan ki tambaye shi sunan injiniyan da yadda suka rabu, ina kyautata zaton akwai labarin da bai taɓa ba ku ba don ba wanda ya tambaya.

TAMBAYA: Kawu barka da war haka. Ni direba ne ina jigilar wasu 'yan Canis masu aikin kwangila, na ji ɗayansu ya saka wata waƙa a mota duk suka kama rerawa har da buga kujera, amma tafintansu ya ce min wai ba yarensu ba ne. To ya mutum zai haddace waƙar da ba yarensa ba? Na naɗo ta a waya ga ta. Daga ɗanka a Rigasa.

AMSA: Ɗana kai ma ita ce dai, kun haɗa baki da 'yar Kakuri ne? Tafinta bai yi maka ƙarya ba. Yawancin masu zuwa aikin kwangila yanzu Mandarin suke yi, kuma mai Mandarin ba ya gane Kantonanci in ana magana sai dai in an rubuta, don rubutun nasu kusan ɗaya ne. A tsakiyar shekarun 1980 aka nuna wasan a babban yankin Sin lokacin ƙasar ta fara buɗe ƙofa, talabijin ta fara shiga gidaje, mutane suka rufta masa, maganar 'yan wasan an juya ta zuwa Mandarin amma waƙar aka bar ta yadda take, shi ya sa za ka samu mutumin Beijing da bai iya gaisuwa da Kantonanci ba amma ya haddace ta tsaf. Kuma kai da kake tambaya, waƙar Indiya nawa ce a kanka? Ka taɓa zuwa Bombay?

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Na saka wata waƙar Canis a matsayin ƙarar kiran wayata, Hajiyarmu ta ce in cire wai ƙila ta bautar gumaka ce, na ce mata ta fim ce ta ƙi yarda. Sunanta Shanghai Tan. Daga Unguwar Rimi.

AMSA: Lafiya lau. Abin da zan iya shaida a kai shi ne abin da ke cikin baitocin, babu sunan gunki babu roƙon wani abin bauta, kogi ne da so da ƙi da hawa da saukar rayuwa, duba amsar farko. Hukuncin kiɗa kuwa ba fagena ba ne, malamai na nan ka tambaye su. Amma tsakaninka da Hajiya ni ban ga abin ja-in-ja ba, uwa ta ce cire, ka cire mana, ka saka abin kunne ka ji kayarka in ka fita.

TAMBAYA: Kawu ni mawaƙi ne mai tasowa, ina da ɗan situdiyo a Tudun Wada, ina so in ɗora baitocin Hausa a kan kiɗan wata tsohuwar waƙar fim ɗin Canis, kana ganin zai karɓu?

AMSA: Ba ka faɗi wacce ba amma a makon nan na daina mamaki. Abu biyu. Na ɗaya kiɗan yana da masu shi, mutuwar wanda ya tsara ba ta mayar da shi na kowa ba, in ka ɗora a YouTube ba izini za su iya sauke shi ko kuɗin ya tafi wajensu, kai ka tashi da asarar kuɗin situdiyo. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, yaranmu da yawa in sun ari kiɗan waje sai su danna Hausa a kai da ƙarfin tsiya, gajeren wasali a ja shi, dogo a guntule shi, kalma mai sauka a ɗaga ta sama, sai ka ji waƙa da Hausa amma sai ka saurara sau uku kafin ka gane me ake cewa. In da gaske kake, kar ka ɗauki kiɗan, ɗauki tarbiyyar da aka yi shi da ita. Rubuta layinka ka faɗe shi da baki kamar kana yi wa maƙwabci magana, ka ji inda murya ta hau da inda ta sauka, sannan ka rera, in rerawar ta saɓa da faɗar to canza kalmar. In ka haɗa baiti huɗu a haka turo min in kai majalisa mu saurara, akwai wani tsohon ma'aikacin gidan rediyo a cikinmu da ba ya yi wa kowa kara.